Mai jifa ya yi wasa mai kyau, amma an rubuta masa rashin nasara

Kana tambaya me ya sa aka ɗora wa mai jifa rashin nasara a wasan besbol da aka tashi 1-0, alhali kusan babu wanda ya iya bugun ƙwallonsa. Ƙa'idar ita ce, wanda ya bar ɗan wasan da ya ci makin da ya raba gardama ya hau matsaya, shi ake rubuta wa faɗuwar, ko da ba laifinsa ba ne. Dubi wasan 26 ga Mayu 1959 a Milwaukee. Harvey Haddix, mai jifan ƙungiyar Pirates, ya fitar da 'yan ƙungiyar Braves 36 a jere, zagaye 12 babu wanda ya taka matsayar farko. A zagaye na 13 Don Hoak, abokin wasan Haddix, ya yi kuskuren jifa, Felix Mantilla na Braves ya samu hawa matsayar farko, aka ba Hank Aaron hanya da gangan, sannan Joe Adcock ya buga, Mantilla ya ci maki, aka tashi 1-0, aka rubuta wa Haddix faɗuwar. Lew Burdette, mai jifan Braves, da aka yi wa bugu 12 shi aka ba nasara!

Don haka kada ka auna mai jifa da ginshiƙin nasara da faɗuwa kawai, duba ERA, wato matsakaicin makin da ake ci da laifin mai jifa a kowane zagaye 9. Ana ninka makin da aka ci da laifinsa sau 9, a raba da yawan zagayen da ya yi jifa. Makin Mantilla daga kuskuren Hoak ya samo asali, saboda haka bai shiga ERA ɗin Haddix ba. Sai dai ka lura, da Mantilla ya hau matsayar da bugu mai kyau, da an lissafa wa Haddix makin.