Tambaya da Amsa: Wasan Shakespeare a Fim ɗin Hausa

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu a nan Maradi na son mai da Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare, fim, amma tsohon Turancinsa ya gagare mu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ƴar'uwa, ku fara da ragewa kafin fassara. Hamlet cikakke yakan ci awa huɗu, kamar fim ɗin Kenneth Branagh na 1996. Laurence Olivier kuwa, a nasa na 1948, cire Rosencrantz da Guildenstern, abokan jarumin wasan, ya yi gaba ɗaya. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne, don haka shafi 100 ya ishe ku.

Kada ku bi kalma-kalma. Kowane fage, ku rubuta ma'anarsa a jimla biyu, sannan ku gina zancen da Hausa. Sarki ya samu Hausar fada da karin magana, masu haƙa kabari su yi Hausar kasuwa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne dogon zancen zuci, wato inda ɗan wasa ke magana shi kaɗai. A dandali yana riƙe ƴan kallo, a fim kuwa gajiyar da su yake, domin kyamara ta riga ta nuna fuskar. Ku rage shi zuwa sulusi, ku ɗauki fuskar kusa-kusa, muryar a naɗe ta daban a ɗaki marar hayaniya.