Faifan Johnny Cash na 2002: aikin ƙwararre ne, ko tsoho aka tasa gaba don kuɗi?

Tambaya: Tun ina yaro nake jin waƙoƙin kantiri a rediyon mahaifina, su Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers. Kwanan nan wani abokina ya turo mini faifan Johnny Cash mai suna American IV: The Man Comes Around, yana ta kuranta shi. Da na saurara sai na ji muryar tsoho tana rawa, numfashi na yankewa, kuma aka ce mini yawancin waƙoƙin ma ba nasa ba ne. Don Allah Malam, wannan abin yabo ne, ko kuwa kamfani ne ya tasa mara lafiya gaba don ya samu kuɗi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Muryar tana rawa, kuma mutumin ba shi da lafiya. Lokacin da faifan ya fito a watan Nuwamban 2002 Cash yana da shekara 70, ciwon suga ya taɓa masa jijiyoyi, ganinsa ya ragu ƙwarai, kuma ciwon huhu ya sha kwantar da shi a asibiti. Tun 1997 rashin lafiya ta raba shi da yawon wasa gari-gari. Gaskiya ne kuma, a cikin waƙoƙi 15 da ke kan faifan ƙalilan ne nasa, sabuwa fil kuwa ɗaya ce tak. Inda zan saɓa da kai shi ne batun wanda aka tasa gaba, domin tarihin abin ya nuna akasin haka.

Masana'antar da kake zargi ai ta riga ta yar da shi. Kamfanin Columbia, wanda ya ɗauke shi tun 1958 ya kuma ci riba da faya-fayan da ya naɗa a gidajen yarin Folsom da San Quentin, ya sallame shi a 1986. Ya koma Mercury, faifai ba ya tafiya. Gidajen rediyon kantiri sun juya wa tsara tasa baya, suna neman samari masu sabuwar hular kaboyi. A wannan hali ne Rick Rubin, mai shirya faifai, ya neme shi a 1993. Shi Rubin ba ɗan Nashville ba ne, garin da yake cibiyar waƙar kantiri, kuma ba ruwansa da kantiri: yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Def Jam, da mawaƙan rap da masu kiɗan rok mai tsananin ƙara ya yi suna. Abin da ya ce wa Cash bai wuce ya zauna da jitarsa ya rera duk abin da ransa ke so ba. Haka aka naɗi faifan farko, American Recordings, na 1994, akasarinsa a falon gidan Rubin da kuma wani ɗan ɗakin katako na Cash a Hendersonville, jihar Tennessee. Murya da jita kawai. Ya ci kyautar Grammy. Na biyu, Unchained, na 1996, ya ci Grammy na faifan kantiri mafi kyau, alhali rediyon kantiri bai kula shi ba. Sai Cash da kamfanin Rubin suka sayi shafi a mujallar Billboard a 1998 suka buga tsohon hoton Cash yana yi wa kyamara daƙuwar Turawa da yatsa, da sunan wai godiya ce ga manyan Nashville. Wanda ake juyawa yadda aka ga dama ba ya yin haka. American IV ɗin da ka ji shi ne na huɗu a wannan jeri nasa da Rubin.

To, maganar murya. A nan ne nake so ka ɗan tsaya.

Ka san yadda makaɗin fada yake idan ƙarfi ya fara ƙarewa: 'yan amshi ne ke ɗaukar nauyin waƙar, shi kuwa ya jefa kalma nan da can, kiɗa ya rufa masa asiri. Situdiyo na da irin wannan rufin asiri, har ma ya fi: a cika goge da 'yan amshi, a ƙara amsa-kuwwa, a tura muryar can baya. Rubin bai yi haka ba. Ya jawo muryar gaba har kana jin jan numfashi tsakanin layi da layi, ya bar kayan kiɗa kaɗan, jita da fiyano da ogan, kuma hannun ƙwararru irin su Mike Campbell da Benmont Tench na ƙungiyar Tom Petty ne a kansu. Sannan aka zaɓo waƙoƙin da ma'anarsu ke ƙaruwa idan tsohon da ya ga jiya ya ga yau ne ya rera su. Kar ka ɗauka kuma babu gyara ko kaɗan. Ana naɗa ne a ranakun da jiki ya yarda, a huta, a sake, a haɗa ɗauka mai kyau da wata mai kyau. Abin da ba a yi ba shi ne ɓoye shekarunsa.

Ɗauki Hurt, wadda ita ta fi shahara. Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ne ya rubuta ta, ta fito a 1994, kukan saurayi ne da ƙwaya da ƙuncin rai suka dabaibaye. Cash ya san wannan hanya, domin ƙwayoyin ƙara kuzari sun kusa halaka shi a shekarun 1960, kuma ya sake komawa ruwa daga baya. Da ya rera ta yana da shekara 70, sai ta tashi daga kukan mai fama ta koma lissafin mutumin da ya waiwaya ya ga abin da ya ɓata da waɗanda ya ɓata wa. Ka kasa kunne ga ƙarshenta: fiyano na dukan sauti ɗaya ba sauyi, yana ƙara ƙarfi, jita na bi, muryar kuwa tana ƙoƙarin hawa kansu tana gazawa kaɗan. Da muryarsa ta 1968 ce, mai kauri da izza, da ta murƙushe kiɗan cikin sauƙi, waƙar kuma da ta rasa abin da ke sa gashin jiki tashi.

Bidiyon da Mark Romanek ya ɗauka ya ƙara fito da wannan fili. An yi shi ne a gidan Cash da kuma gidan adana kayan tarihinsa, House of Cash, wanda a lokacin yake rufe. Ga shi zaune gaban teburi shaƙe da abinci, ya ɗaga kofin giya da hannu mai karkarwa ya tuttular a kai. Ga faifan yabo a jingine, gilashinsa a fashe. Ga matarsa June tsaye a kan matattakala tana dubansa, ana kuma sako hotunansa na ƙuruciya a tsakani. Reznor da kansa ya ce bayan ya kalli bidiyon ya ji waƙar ta daina zama tasa.

Batun rera waƙar wani kuwa, a kantiri ba abin kunya ba ne. Nashville gari ne da marubuta waƙa ke da sana'arsu daban, mawaƙa na zuwa su zaɓa. Don Williams ɗinka ma, da yawa daga fitattun waƙoƙinsa Bob McDill ne ya rubuta. Williams ma ya yi faifan tsufa, And So It Goes a 2012 da Reflections a 2014, kafin rasuwarsa a 2017, sai dai shi muryarsa ba ta sauya sosai ba, don haka ba su girgiza kowa ba. Daɗi gare su, amma ba ka jin wani sabon abu. Kuma kar a manta, waƙar da aka sa wa faifan Cash sunanta tasa ce, ya daɗe yana sassaƙa ta daga littafin Ru'ya ta Yohanna na Baibul, kan ranar hisabi. Cash Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma wannan waƙa tana cikin mafi ƙarfi da ya taɓa rubutawa. Mai shekara 70 da ya iya wannan, kansa na aiki sarai.

Ba zan ce maka faifan ba shi da aibi ba. Yana da tsawo fiye da kima, kuma akwai inda zaɓin bai dace ba. Bridge Over Troubled Water, wadda ya yi da Fiona Apple, waƙa ce mai bukatar murya ta tashi sama, tasa kuwa ba ta da wannan ƙarfin, sai abin ya zama ja da ƙyar. Desperado ma ba ta ƙara komai ba. Amma Give My Love to Rose, da ya fara naɗa tun 1957 a kamfanin Sun, sake yinta a tsufa ya fi na asali, kuma ta ci masa Grammy. Idan za ka sake saurara, fara da ita, sannan waƙar farko, The Man Comes Around, sannan Hurt.

Zarginka yana da wurin zama, sai dai ba a kan wannan faifan ba. June ta rasu ranar 15 ga Mayun 2003. Cash ya nemi a ci gaba da naɗa waƙa nan take, don aikin ne ke riƙe da shi, ya kuma yi ta yi daga keken marasa lafiya har ya rasu ranar 12 ga Satumba na wannan shekara, yana da shekara 71. Daga abin da ya bari aka fitar da American V a 2006, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, abin da rabon Cash da shi tun 1969, sai kuma American VI a 2010. Waɗannan biyun bayan ransa aka kammala su, aka ɗora kiɗa a kan muryar da ya bari, aka jera waƙoƙin ba tare da ya ji sakamakon ba. Na biyar yana da waƙoƙi masu kyau ƙwarai, har da Like the 309, wadda ita ce ta ƙarshe da ya rubuta. Na shida kuwa gajere ne, bai fi rabin awa da kaɗan ba, kuma a kunnena ya fi kama da tattara ragowa. A kansa ne zan yarda a tambayi kamfani ko don mamacin aka yi ko don kasuwa.