Me ya sa Faransa ta faɗi cikin mako shida a 1940?

Malam, ka tambaya yadda aka yi Jamus ta murƙushe Faransa da wuri haka, alhali kowa na ganin sojojin Faransa sun fi ƙarfin a taɓa su.

Sirrin yana cikin tsari. Jamusawa sun tattara tankokinsu a runduna ta musamman, suka haɗa su da rediyo, jiragen yaƙi kuma suna share musu hanya daga sama, yayin da Faransa ta rarraba yawancin nata cikin sojojin ƙasa. Da aka fara kai hari ranar 10 ga Mayu, ƙawancen Faransa da Ingila suka ruga Beljiyam, sai Janar Guderian na Jamus ya ɓullo ta dajin Ardennes, wanda aka ɗauka tankoki ba za su iya ratsawa da sauri ba, ya tsallaka kogin Meuse a garin Sedan na Faransa, ya kai bakin teku ranar 20 ga wata, ya datse su ta baya. Paris ta faɗi ranar 14 ga Yuni.

Ka kiyayi masu cewa Jamus ta fi yawan tankoki, domin ƙawancen ba su gaza ta ba, kuma a lokacin dawakai ne ke jan yawancin kayan sojan Jamus. Idan rubutun jami'a kake yi, ka nemi malamin tarihin soja ya duba maka alƙaluma.