Wi-Fi ya ɗauke bayan sabunta Ubuntu

Tambaya: Malam, na sabunta Ubuntu, ina sake kunna kwamfuta sai Wi-Fi ya ɗauke. Ina mafita?

Amsa: Galibi sabon kernel (zuciyar tsarin Ubuntu) ne ya shigo, direban katin Wi-Fi kuma bai ginu a kansa ba, musamman in ta DKMS (tsarin da ke sake gina direba ga kowane sabon kernel) aka girka shi. Tsohon kernel yana nan daram. Sake kunnawa, ka danne Shift, ko Esc in kwamfutarka mai UEFI ce (sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS), har GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya bayyana. Shiga Advanced options ka zaɓi kernel na baya, wanda Wi-Fi ke aiki a kansa. Sannan ka buga dkms status a terminal don ganin ko direban ya ginu a kan sabon kernel. Yawanci linux-headers (fayilolin da ake buƙata don gina direba) na sabon kernel ɗin ne babu, sai ka girka su da apt, umarnin girka manhajoji. Kada ka taɓa apt autoremove tukuna, domin yana iya share tsoffin kernel.