Hukuncin cewa "komai a haɗe yake da komai"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Kullum maganarsa ita ce komai na duniya a haɗe yake, ba a fahimtar abu sai an dube shi dunƙule, wai ana kiran wannan "holisim". Ina tsoron kada ya zama irin aƙidar masu cewa Allah da halitta abu guda ne. Mene ne hukuncinsa? Daga wani magidanci a unguwar Mokoyo.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka sa ido a kan aƙidar ɗanka.

Kalmar asalinta daga harshen Girkanci take, ma'anarta "duka", kuma wani ɗan siyasar Afirka ta Kudu, Jan Smuts, ya fito da ita a 1926. Amma shari'a ba ta hukunta suna, tana hukunta ma'anar da ke ƙarƙashinsa.

Idan abin da yaron yake nufi shi ne halittu suna jingine da juna, wannan gaskiya ce, kuma mu mutanen Maradi mun gan ta da idonmu. Shekaru aka yi ana sassabe gona ƙal, ana ganin itace a gona ƙazanta ne. Iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya riƙa binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Daga 1983, bayan wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki saiwoyinsu na da rai, manoma suka fara barin tohon sabara da kalgo da gawo suna gyara su. Dubi gawo kaɗai: yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana; da rani ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa su zuba taki; hatsin gindinsa ya fi na nesa kyau. Wanda ya kalli gawo a matsayin makamashi kawai ya yi asarar rumbu. Allah yana cewa a Suratul Hijri, aya ta 19, Ya tsirar a ƙasa daga kowane abu a bisa awo, kuma a Suratur Rahman Ya hana mu ƙetare ma'auni.

Abin da ke burge ni, hadisai uku a kan wannan duk ta hanyar sahabi ɗaya suka zo, Nu'umanu ɗan Bashir: muminai kamar jiki guda ne, gaɓa ɗaya ta yi ciwo sauran su taya ta da zazzaɓi da rashin barci; da tsokar nan ta zuciya da gyaruwarta ke gyara jiki duka, da mutanen jirgin ruwa waɗanda na ƙasan jirgin suka so huda rabonsu, wanda in an ƙyale su kowa zai nutse. Imam Shaɗibi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 790 bayan Hijira, ya ce ita kanta shari'a haka ake ɗaukarta, kamar mutum mai cikakkun gaɓoɓi, kuma yawancin ɓatan masu bidi'a daga kama dalili guda a watsar da sauran yake. Saboda haka wannan kallon halal ne, ga manomi da likita da mai fatawa ma abin nema ne.

Inda haramcin yake wuri biyu ne. Na farko, a ce waɗannan sabubban su ke aiki da kansu ba tare da ikon Allah ba. A Hudaibiyya, bayan an yi ruwa da dare, Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Na biyu, wanda kake tsoro: a saka Mahalicci cikin wannan dunƙule, a ce Shi da duniya ɗaya ne, ko Ya shiga cikin halittunSa. Wannan kafirci ne, domin babu wani abu da ya yi kama da Shi (Shura, aya ta 11).

Kada ka yi saurin tuhumarsa. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i ka tambaye shi: wa ya haɗa gawo da hatsi? In ya ce Allah ne, kuma Allah ba ɓangaren halitta ba ne, to ka bar shi da karatunsa, ka ma kai shi gonarku kafin sassabe ya nuna muku tohon da za a bari. In ka ji wata magana daban, ku zo tare mu tattauna.

Wallahu a'alam.