Kumburin da ke bugawa bayan harbi

Tambaya: Likita, wata 3 ke nan da aka harbi ƙanena a ƙasan kafaɗa. Raunin ya warke, amma wani kumburi ya fito yana bugawa kamar zuciya. An ce za a sa masa sitent ba tare da an yanka shi ba. Yaya abin yake? Daga mai karatu a Ƙaura Namoda.

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Kafin komai, kada a bari wanzami ya tsaga wurin nan. Ba maruru ba ne. Alamu sun nuna harsashi ya huda babbar jijiyar da ke kai jini hannu, jinin yana fita yana taruwa a gefenta. In aka tsaga, jini zai iya ƙarewa kafin a kai Gusau.

Sitent ɗin ragar ƙarfe ce mai siffar bututu, an lulluɓe ta da ƙyalle na musamman da jini ba ya ratsawa. Bayan hoton CT, likita zai huda jijiya a gindin cinya, ya zura siririyar waya yana kallon allo har ta wuce raunin, sannan ya bi ta da sitent a naɗe. Da an sake shi sai ya buɗe, ya toshe hudar ta ciki. Akan zaɓi wanda ya fi jijiyar faɗi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya kuma kama lafiyayyen wuri gaba da baya. In ya yi ƙarami, jini zai ci gaba da yoyo ta gefe.

Haka ake yi ma idan allurar sa bututun wankin ƙoda ta huda jijiyar wuya bisa kuskure. Tun 1987 wani likita mai suna Nikolai Volodos ya yi irin wannan aiki a Yukiren.

A ƙasan kafaɗa na fi son wannan hanya, domin ƙashi ya tare jijiyar, tiyata na zubar da jini sosai. Amma in wurin na ruwa, ba a sawa, ƙwayoyin cuta za su kama ƙyallen. A gwiwa kuwa lanƙwasawa kan toshe shi.

Bayan aiki zai sha asfirin, sau da yawa tare da clopidogrel, kada jini ya daskare a ciki, ana kuma bin sa da sikanin. Idan hannu ya yi sanyi, ya mutu ko ya kama ciwo mai tsanani, a garzaya asibiti nan take: bayan kamar awa 6 ba jini, tsoka kan fara mutuwa.