Sabar tana nauyi da rana, ƙarin vCPU bai yi magani ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfani nan Yamai. Sabar guda gare mu, mai core 8 (sassan CPU masu yin aiki) da RAM 32 GB, na ɗora mata Proxmox, manhajar da ke raba inji guda zuwa kwamfutocin kwaikwayo (VM), da VM shida. Tun da zafi ya shigo, daga azahar zuwa la'asar komai rarrafe yake, musamman VM ta lissafin kuɗi mai Windows. Na ƙara mata vCPU, wato core na kwaikwayo da ake ba VM, daga 4 zuwa 8, abin ya ƙara muni. Maigida ya ce a sayi sabuwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka roƙi maigida ya dakata da maganar saye tukuna, kai kuma ka mayar da VM ɗin kan 4 yau ɗin nan.

A Proxmox, KVM, wani ɓangare na Linux, shi ne ke tafiyar da VM, kuma kowane vCPU aiki ne da ke jiran Linux ta ba shi core na gaske. Kamar layin famfo ne: ƙarin bokiti ba ya ƙara ruwa, layi kawai yake tsawaitawa. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne idan wani vCPU ya kulle wani abu a cikin Windows sai aka sauke shi daga core, sauran bakwai ɗin suna ta juyi suna jiransa, suna cin lokacin da maƙwabtansu ke bukata. Ka shiga ɗaya daga cikin VM masu Linux da azahar, ka buga umarnin top, ka dubi adadin da ke daf kafin kalmar st. Wannan shi ne lokacin da VM ta nemi core ba ta samu ba. In ya daɗe sama da kashi 10 cikin 100, ka rabar da vCPU fiye da ƙarfin injin.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne lokacin. Matsalar da ke zuwa da azahar ta tafi da la'asar, kuma ta faro da bazara, zafi nake fara tuhuma. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, alhali shawarar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗakuna ta Amurka, ita ce iskar da ke shiga sabar ta tsaya tsakanin 18 da 27. Idan CPU ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma ba za ta sanar da kai a allon Proxmox ba. Ka buɗe shafin duba lafiyar sabar, wato iDRAC in Dell ce, ko iLO in HP ce, ko ka buga ipmitool sensor, ka rubuta zafin da safe, ka sake rubutawa ƙarfe uku na rana. Ka bincika ko ana kashe kilim (na'urar sanyaya ɗaki) lokacin hutun rana, ko kuma ba ya kan layin janareto idan an ɗauke wuta. Ka kashe injin ranar hutu, ka buɗe ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fankoki. Na fi damuwa da wannan saboda sabuwar sabar da za ku zuba wa miliyoyin sefa, ɗaki guda za ta shiga.

Zafi yana da wata ɓarna da mutane ba su cika lura da ita ba. Katin RAID, wanda ke haɗa faifan sabar su yi aiki tare, yana da ɗan batir da ke tsare abin da ke cikin ma'ajiyarsa ta wucin gadi, kuma zafi na saurin kashe shi. Da zarar ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ma'ajiyar, ya koma jiran faifai a kowane rubutu. Manhajar lissafin kuɗi, mai yawan ƙananan rubuce-rubuce, ita ce ta farkon jin jiki. Ka dubi IO delay, wato lokacin da CPU ke ɓatawa wajen jiran faifai, a shafin Summary na sabar a Proxmox, sannan ka buga iostat -x 5. In w_await, wato lokacin da kowane rubutu ke ɗauka, yana haura milisakan 20 akai-akai, faifai ne ke riƙe ku, sai ka duba lafiyar batirin da perccli ko storcli.

RAM kuma, in ZFS, tsarin adana bayanai a faifai, kake amfani da shi kuma tsohuwar ɗorawa ce, ma'ajiyarsa ARC tana iya cinye rabin RAM, wato 16 GB a wurinka. Ka haɗa abin da ka ba VM shidan, ka ga ko ya wuce abin da ya rage. In sabar ta fara swap, wato amfani da faifai a madadin RAM, ka taƙaita ARC da zfs_arc_max. Ka tabbata Windows ɗin na kan VirtIO SCSI da katin sadarwa na VirtIO, waɗanda aka ƙera don VM, ba na kwaikwayo irin SATA da E1000 ba, amma ka fara sa direbobin virtio-win kafin ka sauya faifan, in ba haka ba ba za ta tashi ba.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki cikakken kwafi zuwa wani faifai daban, don snapshot, wato hoton halin da VM ke ciki, da ke zaune a kan sabar ɗin, tare za su tafi in faifai ya mutu. Kuma gyara guda za ka riƙa yi kowace rana, ka auna da azahar, sannan ka wuce na gaba. Ka aiko mini da zafin safe da na rana, da st, da w_await, mu duba tare kafin a kira mai sayarwa.